Tesla: Sunan da Ya Game Duniya, Masu Shi Kuwa 'Yan Ƙalilan

 

An nemi in yi magana a kan sunayen dangi na mutanen da ake kira Silabawa, in zaɓi guda ɗaya wanda masu shi ba su da yawa, in bi sawunsa. Na zaɓi Tesla. Na san wasunku za su ce ai wannan ba baƙon suna ba ne, ga motar lantarki ana ta zancenta a rediyo da intanet, ɗalibin kimiyya kuma ya sha ganin sa a littafi. Haka ne. Sai dai jin suna daban, yawan masu amsa shi daban. Idan ka je Sabiya ko Kuroshiya ka buɗe rajistar makaranta, za ka yi ta wuce su Jovanović da Petrović da Horvat da Kovačević shafi bayan shafi, da wuya ka ci karo da Tesla ko ɗaya. Dalilin hakan nake so mu gano a yau.

Silabawa dai su ne masu magana da wani rukunin harsuna 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, mutum kusan miliyan 300, a gabashi da tsakiyar Turai. Na gabas su ne mutanen Rasha da Yukiren da Belarus. Na yamma su ne na Polan da Cek da Sulobakiya. Na kudu kuwa su ne na Sabiya, Kuroshiya, Bosniya, Montenegro, Sulobeniya, Masedoniya ta Arewa da Bulgeriya. Duk mai kallon ƙwallo a cikinku ya riga ya san sunayensu ko da bai lura ba. Wutsiyar nan da ke ƙarshen Modrić da Ibrahimović, wadda ake furta ta "ic" da irin harafin "c" namu na "ciki", ma'anarta ɗan wane ko jikan wane. Ibrahimović ke nan ɗan Ibrahim, babu ragi babu ƙari. A Rasha "-ov" ne ke wannan aiki, a Yukiren "-enko", shi ya sa Shevchenko yake nufin ɗan mai ɗinkin takalma. A Polan "-ski" ya fi nuna garin da mutum ya fito. Musulmin Bosniya ma sun bi wannan tsari da laƙuban da muka sani: Hadžić ɗan alhaji, Imamović ɗan liman, Kadić ɗan alƙali, Mujezinović ɗan ladan.

Ku lura da wani abu a nan, domin a kansa sauran bayanin zai hau. Suna ba ya yawaita saboda wani gida ɗaya ya yi ta haihuwa. Yana yawaita ne idan an ƙirƙire shi sau da dama a wurare dabam-dabam, ba tare da masu shi sun san juna ba. Jovan da Ivan duk Yahaya ne a bakinsu, kuma babu ƙauyen da za a rasa mai wannan suna. Saboda haka Jovanović ya zama kan gaba a Sabiya, Ivanov ya cika Rasha da Bulgeriya. Haka kuma babu ƙauyen da zai zauna ba maƙeri, shi ya sa Kovač da Kovačević da Kowalski da Kovalenko da Kuznetsov, waɗanda duk maƙeri suke nufi ko ɗansa, suka bazu ko'ina. Dubban gidaje ne da ba su haɗa jini ba, sana'a ko sunan kaka kawai ya zo ɗaya. Sunan da aka raɗa sau ɗaya tak, a gida ɗaya, saboda wani dalili da ya shafi mutum ɗaya, shi rayuwarsa tana rataye ne a wuyan wannan gida. In gidan ya yaɗu ya yaɗu, in ya watse ya bi shi.

Tesla na cikin irin waɗannan. Ba shi da wutsiyar "ić" da ke bin mafi yawan sunayen Sabiyawa, ba sunan kaka ba ne, ba kuma sunan gari ba. Sunan kayan aiki ne. A harshen Sabiyawa da Kuroshiyawa, tesla shi ne gizago.

Wanda ya taɓa tsayawa a kan masassaƙi ya san abin da nake nufi. Bakin gatari a miƙe yake da ƙotarsa, aikinsa sara da faskare. Bakin gizago a gicciye yake, mai faɗi, ya ɗan lanƙwaso ciki. Masassaƙi zai danne gungume da ƙafa, ya riƙa sara yana janyowa wajen kansa, ɓarɓashin ice yana tashi fallan-fallan, har sai ƙundun ya rarake ya zama turmi ko akushi ko kwale-kwale. A ƙasar duwatsu da dazuzzuka irin tasu, inda ginshiƙin ɗaki da komin dabbobi da kwanon kwaɓa fulawa duk na ice ne, gidan da ba shi da wannan ƙarfe bai cika gida ba.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. Ta fito ne daga aikatau "tesati", wato sassaƙa, wanda yake nan a kusan duk harsunan Silabawa. Daga gare shi aka sami "tesar" da "tesař", masassaƙi a Sabiya da Cek, da "cieśla" a Polan, da "teslo", gizago a Rasha. Mutanen Romaniya, waɗanda harshensu ba na Silabawa ba ne, sun ari kalmar daga maƙwabtansu suna kiran gizago da ita. Masana tarihin harsuna sun ƙara bin saiwar can baya, suka haɗa ta da "tekton" ta Girkanci, wadda take nufin masassaƙi ko magini, da kuma "tekhne", wato gwanintar hannu, wadda daga ita Turawa suka gina kalmarsu ta fasaha. Wannan ya burge ni matuƙa. Nikola Tesla, mutumin da duniya ke ɗauka a matsayin tutar fasahar zamani, sunan gidansu da kalmar fasahar kanta daga tushe ɗaya suka tsiro, tushen kuma bai wuce mutum yana sassaƙa ice da hannunsa ba.

To, yaya aka yi gizago ya zama sunan mutane? Dole mu je wurin da abin ya faru. Wurin shi ne Lika, wani tudu mai sanyi da duwatsun farar ƙasa a bayan tsaunukan Velebit, a cikin Kuroshiya ta yau. Yankin ya daɗe yana kan iyaka tsakanin daular Ostiriya da daular Usmaniyya ta Turkiyya. Turkawa sun riƙe shi fiye da shekara ɗari da hamsin, har zuwa 1689 da aka ƙwace shi daga hannunsu. Sarakunan Ostiriya sun shigar da shi cikin wani dogon zirin ƙasa da suka keɓe don tsaron iyaka, wanda sojoji ke mulki kai tsaye daga Biyana. Yarjejeniyar a fili take: a ba ka gona, ba ka zama bawan wani mai ƙasa ba, amma duk namijin da ya isa a gidanka soja ne, ranar da aka busa ƙaho zai ɗauki bindiga. Sabiyawa mabiya cocin Otodoks da Kuroshiyawa mabiya Katolika duk sun zauna a kan wannan sharaɗi, ƙauye kusa da ƙauye. Sai a 1881 aka rushe tsarin.

Wannan zama ya shafi sunaye ta hanya biyu. Hukumar soja tana bukatar sanin maza nawa ne a kowane gida, don haka aka rubuta sunayen dangi a littafi, suka tsaya cik tun da wuri. A masarautar Sabiya kuwa, can ƙetaren iyaka, har tsakiyar ƙarni na 19 mutum kan amsa sunan ubansa ne kawai, ɗansa kuma ya amsa nasa. A Rasha ma yawancin manoma sai bayan 'yanta su a 1861 suka fara samun tsayayyen sunan dangi. Hanya ta biyu kuma, mutanen kan iyaka a gandu suke zaune, 'yan'uwa maza da matansu da 'ya'yansu a tukunya ɗaya. Idan gandu ya yi girma ya rabu, sai a wayi gari gida goma a ƙauye ɗaya duk suna ɗaya. Dole a nemi abin rarrabewa, sai laƙabi ya shigo. Mu ma mun san haka: unguwa ta cika da Malam Audu, sai a ce gidan Dogo, gidan Mai Tumaki, har jikoki su tashi ba su san wani suna ba sai wannan. A Lika, idan laƙabin ya shiga littafin soja ko na coci, shi ke nan ya zauna.

Labarin da dangin Tesla suka gada, wanda marubuta tarihin Nikola Tesla suka ɗauko, ya zo daidai da wannan. An ce asalin sunansu Draganić, wato zuriyar Dragan, sunan da ya fito daga kalmar da ke nufin abin ƙauna. Sai aka sami wani reshe na gidan masu manyan haƙoran gaba, faffaɗa, sun turo waje kamar bakin gizago. Maƙwabta suka laƙaba musu Tesla, laƙabin ya danne sunan asali. Akwai kuma masu cewa sana'a ce ta jawo, kakansu masassaƙi ne. Ni na fi karkata ga na farko, kuma ga hujjata. Da sana'ar ake son nunawa, akwai kalmarta a shirye, "tesar", wadda ta riga ta zama sunan dangi a wasu wurare. Kiran mutum da sunan kayan aikin kansa ya fi kama da tsokanar maƙwabta. Ko da ma a ce masassaƙin ne aka kira da sunan ƙarfensa, duk da haka ta ƙofar laƙabi sunan ya shigo, kuma laƙabi irin wannan ba kowane ƙauye ke raɗa shi ba.

Akwai wani tarko da masu binciken suna ke faɗawa, gara in nuna muku shi. A Yukiren ana samun mutane masu suna Teslia da Teslenko, kuma idan an rubuta na farkon da haruffan boko a fasfo yakan koma Tesla. Amma a harshensu wannan kalma mutumin take nufi, wato masassaƙin kansa, ba gizagon ba. Nasu sunan sana'a ne, an raɗa shi a garuruwa da yawa, kuma ba ya nuna wata alaƙar jini da mutanen Lika. Duk wanda ya tattara masu haruffa biyar ɗin nan a jeri ɗaya ya ce dangi ne, ya haɗa gidajen da ba su taɓa sanin juna ba.

Cibiyar Tesla na Lika ita ce ƙauyen Raduč, a gindin Velebit. A nan aka haifi Milutin Tesla a 1819. Mahaifinsa soja ne, ya yi aiki a ƙarƙashin tutar Faransa a 'yan shekarun da Napoleon ya riƙe yankin, daga 1809 zuwa 1813. Milutin ya bar hanyar soja ya zama limamin cocin Otodoks, ya auri Đuka, ana furtawa Juka, 'yar gidan Mandić, su ma gidan limamai ne. Aiki ya kai shi ƙauyen Smiljan kusa da garin Gospić, kuma a can aka haifi ɗansa Nikola ranar 10 ga Yuli, 1856. Nikola da kansa ya rubuta cewa wajen mahaifiyarsa ya gaji ƙirƙira. Ba ta yi karatun boko ba, amma tana ƙera wa kanta kayan aikin gida, ta kuma haddace dogayen waƙoƙin tarihi na mutanenta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Rayuwarsa ba ita ce darasinmu ba, zan taƙaita. Ya yi karatu a Graz, ya yi aiki a Budapest da Faris, ya sauka New York a 1884. A 1888 kamfanin Westinghouse ya sayi haƙƙin ƙirƙirarsa ta inji mai aiki da lantarki mai kai da komo. Da wannan tsari aka haskaka baje kolin duniya na Shikago a 1893, da shi kuma aka tura wuta daga magangarar ruwan Niagara zuwa birnin Buffalo a 1896. Irin wannan wuta ce taransifoma ke ɗagawa ta sauke, ita ce ke tasowa daga madatsar Kainji ta iso gidajenmu. Ya rasu ranar 7 ga Janairu, 1943, shi kaɗai a ɗakin otal a New York, ba shi da dukiyar a zo a gani.

Abin da ya shafe mu shi ne gidan Milutin. 'Ya'yansa biyar ne, maza biyu mata uku. Babban namijin, Dane, hatsarin doki ya yi ajalinsa tun yana yaro. Matan, Milka da Angelina da Marica, sun yi aure, 'ya'yansu suka amsa sunan ubanninsu. Nikola bai yi aure ba, bai bar baya ba. A al'adar da suna ke bin namiji, ranar da ya rasu sunan ya yanke a wannan reshe. Shi ya sa wanda ya tsaya a kan kayansa da takardunsa har aka kai su Belgired, inda aka kafa gidan tarihi da sunansa a 1952, bai amsa Tesla ba. Sava Kosanović ne, ɗan ƙanwarsa Marica. Duk wanda ya zo muku yau ya ce shi jikan Nikola Tesla ne, ku sani ba haka ba ne. Iyakarsa ya zama ɗan wani reshe na Raduč.

Sauran rassan fa? A nan maganar take yi mini nauyi. Lika ƙasa ce mai tsananin talauci, gona kaɗan dutse da yawa. Da aka rushe tsarin soja, samari suka yi ta ficewa neman abinci, da yawa suka nufi ma'adinai da masana'antun ƙarfe na Amurka. Sai yaƙin duniya na biyu. A 1941 gwamnatin 'yan Ustasha, ƙawayen Hitila, ta buɗe sansanin kisa a Jadovno, cikin tsaunukan da ke kusa da Gospić, aka hallaka dubban Sabiyawa da Yahudawa. An yi wa ƙauyukan Sabiyawa na yankin ɓarna mai yawa, har cocin Smiljan inda Milutin ya yi limanci an rusa shi, sai a shekarun 1980 aka sake gina shi. Bayan yaƙin, gwamnatin Yugoslabiya ta kwashe iyalai da yawa daga Lika ta kai su filayen noma na Vojvodina a arewacin Sabiya. Da Yugoslabiya ta wargaje a 1991, yankin ya sake zama fagen daga. Dakarun Sabiyawa sun kori Kuroshiyawa daga ƙauyukansu, sun yi wa Gospić ruwan wuta. A 1992 aka tarwatsa mutum-mutumin Tesla da ke cikin garin da nakiya. A watan Agusta na 1995 kuma, da sojojin Kuroshiya suka ƙwace yankin, Sabiyawa wajen dubu 200 suka tsere cikin 'yan kwanaki, a taraktoci da manyan motoci, tsofaffi a kan katifu a baya. Da yawansu ba su koma ba. A yau lardin da Lika take ciki shi ne mafi faɗin ƙasa a Kuroshiya, shi ne kuma mafi ƙarancin jama'a: ƙidayar 2021 ta nuna bai kai mutum dubu 50 ba.

Ku ɗora wannan a kan abin da muka faɗa a baya. Da Jovanović ne, irin wannan bala'i ba zai girgiza shi ba, domin yana da dubban saiwoyi a wasu wurare. Tesla kuwa saiwarsa a 'yan ƙauyuka take, ƙauyukan kuma su ne aka ƙona, aka kwashe, aka gudu aka bari. Masu sunan da suka rage sun warwatsu, wasu a Kuroshiya, wasu a Sabiya, wasu a cikin jikokin 'yan ci-rani a Amurka. Ƙarancinsu shaida ce ta abin da ya sami talakawan kan iyaka, waɗanda littattafan tarihi ba su cika ambaton su ɗaya bayan ɗaya ba.

A daidai lokacin da masu sunan ke raguwa, shi sunan sai bunƙasa yake yi a wajen gida. A 1946 aka sa wa babban kamfanin kayan lantarki na Cekoslobakiya suna Tesla. A 1960 babban taron ma'aunai na duniya ya mai da shi ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, don haka idan likita ya ce na'urar hoton cikin jiki ta MRI mai tesla 1.5 ce ko mai tesla 3, sunan gidan Raduč yake ambata. A 2003 Martin Eberhard da Marc Tarpenning suka kafa kamfanin motoci a Kalifoniya suka ba shi sunan, kafin Elon Musk ya shigo da jarinsa. A 2006, cikar shekara 150 da haihuwar Nikola Tesla, filin jirgin saman Belgired ya koma amsa sunansa, aka kuma buɗe cibiyar tunawa da shi a Smiljan. Siffar sunan ma ta taimaka. Gajere ne, babu wata alama a kan haruffansa, kowane baki yana iya furta shi. Baƙin da suka sauka Amurka da sunaye masu "ić" sai da aka sake musu rubutu. Nasa bai bukaci gyara ba.

Shahara kuma ta jawo jayayya. Hoton Nikola yana kan takardar dinari 100 ta Sabiya. Da Kuroshiya ta bayyana a 2021 cewa za ta sa shi a kan sulallanta na yuro, babban bankin Sabiya ya fito fili ya nuna rashin amincewa. Kuroshiya ba ta fasa ba: tun ranar 1 ga Janairu, 2023, fuskarsa tana kan sulallan santi 10 da 20 da 50. Kowane ɓangare yana da abin riƙewa. Shi Basabiye ne ɗan limamin Otodoks, wannan ba a musu. An haife shi a ƙasar da take Kuroshiya a yau, can ya yi wasan ƙasa ya fara makaranta, wannan ma ba a musu. Kalmar tesla kuwa ba ta raba su, duka biyun da ita suke kiran gizago.

Hukuncina a kan wannan jayayya shi ne, ƙasashen biyu sun sa ƙarfinsu a inda bai fi bukata ba. Sulalla da filin jirgi ba su ƙara ko mutum ɗaya a Raduč ba. Abin da sunan yake bin su bashi shi ne a adana littattafan coci da rajistocin soja na Lika waɗanda suka tsira daga wuta, a sauƙaƙe wa masu bincike na kowane ɓangare duba su, a kuma share wa iyalan da suka gudu hanyar komawa gonakin kakanninsu, Sabiyawa ne ko Kuroshiyawa. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu shirin aikin jarida da fassara, duk ranar da labarin motar nan ya zo hannunku, ku ƙara wa mai sauraro jimla ɗaya: sunan wani ƙaramin gida ne na manoma da sojoji da limamai a tsaunukan Lika.

A nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.